Haihuwar Makka, fasfon Najeriya: yadda na bi na samu takarduna

Ni a Makka aka haife ni, cikin azumin 1413, wato 1993 a lissafin boko, kuma har na kai shekara ashirin da huɗu ban taɓa taka ƙasar Najeriya ba. Babana mutumin Kano ne daga wani ƙauye can arewa da birni, yazo aikin hajji tun yana saurayi ya zauna bai koma ba, Ummata kuma 'yar Damagaram ce, a can Makka suka haɗu aka ɗaura aure. A Masfala muka tashi, unguwar da ko ta ina Hausa kake ji, ga mai tuwo ga mai tsire ga masu kitso.

Abin da mutane da yawa anan gida basu gane ba, kuma har yau ina shan tambaya akai, shine haihuwa a Saudiyya bata mayar da kai ɗan Saudiyya. Su can jinin uba suke bi, in ubanka ɗan ƙasa ne kai ma ɗan ƙasa ne ko a ina aka haife ka, in ba haka ba toh ko a jikin Harami aka yanke maka cibiya baƙo ne kai. Ko wanda uwarsa 'yar Saudiyya ce uban baƙo, sai ya balaga ya nema, a duba a bashi ko a hana. Mutane suna ganin su Usama Hausawi da ya riƙe kyaftin ɗin ƙwallon Saudiyya a gasar duniya ta 2018 sai su ɗauka duk haka muke, alhali irin waɗannan gidajen na Hausawi da Fallata da Barnawi kakanninsu ne suka je tun da daɗewa suka samu tabi'iyya, wato zama 'yan ƙasa. Wasu kuma da Amurka suke auna abin, inda tun gyaran tsarin mulki na 14 a 1868 duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, wanda shi ma Trump ya sa hannu kan umarnin taƙaita shi a Janairun 2025 aka tafi kotu. Amma kaga Najeriya ma kanta bata bada ɗan ƙasanci don kawai an haife ka a cikinta, sai in ɗaya daga iyayenka ko kakanninka ɗan ƙasa ne.

Babana yana da igama, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, Umma kuma bata taɓa samu ba domin umara tazo ta zauna, saboda haka duk a gida ungozoma ta karɓi haihuwarmu, babu takardar asibiti balle ta gwamnati. Makarantar gwamnati bamu shiga ba, sai ta allo da islamiyyoyin unguwa da zaman karatu a Harami. Ana dai lallaɓawa haka, lokacin hajji a yi hidimar alhazai a samu na kashewa, har Nuwamban 2013 da aka fara kame mai tsanani, tun daga nan in kaga motar askar, wato jami'an tsaro, sai gabanka ya faɗi. Baba ya rasu a 2015, igamar da muke fakewa a bayanta ta tafi tare da shi. Da aka sanar da afuwa ta kwana casa'in a ƙarshen Maris ɗin 2017, cewa duk mara takarda ya fita ba tara ba ɗauri kuma ba a rufe masa ƙofar dawowa ta halal ba, sai Umma ta tara mu tace ita dai ta gaji da ɓuya, mu tafi gida. Na tambaye ta wane gidan, ta daɗe bata bani amsa ba.

Tambayar kuwa da gaske nake yinta, domin a Jidda muka fara rabuwa. Ni da ƙannena ofishin jakadancin Najeriya muka nufa, ita kuma na Nijar, tunda duk zaman da tayi da Baba ba a taɓa yi mata rajistar zama 'yar Najeriya ba duk da sashe na 26 na tsarin mulki ya bawa matar ɗan Najeriya wannan dama. Wa ma ya san da shi a Masfala. Abin da muka riƙe a hannu guda biyu ne, tsohon fasfon Baba kore wanda ya daɗe da mutuwa, hotonsa a ciki yana matashi da hular zanna, sai wani littafin fiƙihu da ya rubuta ranakun haihuwarmu a cikin bangonsa da Larabci, kowa da sunansa da rana da wata da shekarar hijira, har da lokacin, ni an rubuta bayan sallar asuba. Wallahi waɗannan biyun su ne asalin duk wata takarda da nake da ita yau. Jami'in ya juya fasfon yayi min tambayoyi da Hausa, sunan ƙauyenmu, sunan kakana, wa muka sani a Kano da za a iya kira, na bashi lambar Baffa ƙanin Baba, aka bamu takardar tafiya ta gaggawa, wadda shiga ɗaya kawai take yi maka ta gama aiki. Daga nan sai basma, wato ɗaukar yatsu, a Shumaisi inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu, sai jirgi. Umma ta sauka Yamai ta bi mota zuwa Damagaram, daga baya ta biyo ta Matamaye da Kwangwalam da Daura ta same mu a Kano.

Na ɗauka sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano shine ƙarshen magana, ashe a nan aikin yake farawa. Takardar da ta kawo ni ba ta buɗe asusun banki, ba a karɓarta a wajen neman aiki, kuma duk inda naje abu na farko da ake tambaya shine takardar indijin. Anan na fara gane cewa a Najeriya zama ɗan ƙasa hawa biyu ne, akwai na tsarin mulki akwai kuma na ƙaramar hukuma, kuma in baka da na biyun na farkon baya yi maka amfani a gaban tebur.

Baffa ne ya ɗauke ni muka tafi ƙauye. Tsarin shine mai unguwa ya shaida, dagaci ya sa hannu, a kai wa hakimi, sannan sakatariyar ƙaramar hukuma ta buga takardar. Wajen dagaci ne abin ya tsaya min a rai. Tsoho ne sosai yana zaune a zaure kan buzu, muka cire takalma muka durƙusa, Baffa yace ranka ya daɗe ga ɗan yayana da ya tafi Makka na kawo maka. Ya dube ni ya dube ni, yace matso nan yaro, ya kama haɓata ya juya fuskata wajen haske, sai yace wannan goshin ai na gidan ne, ko ba a faɗa ba. Ya kira sunan kakana da laƙabin da ni ban taɓa ji ba, ya faɗi inda gonarsu take, yace da shi aka raka Baba tasha ranar tafiya kuma kowa ya ɗauka bayan sallah babba zai dawo. Sai yace, ance kowa ya bar gida gida ya barshi, amma mu bamu bar ubanka ba, ya buga hatimi. Ni da aka saba kira na baƙo tun ina yaro ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba, Baffa yana taɓa ni yana cewa kai ɗana yi haƙuri mana, a gaban manya kake.

Ina yawan tuna waɗanda muka sauka tare da basu da irin Baffana. Akwai wanda uban ya rasu tun yana goye, abin da ya sani kawai shine su mutanen Kano ne ko Katsina, babu sunan ƙauye babu dangi, toh wannan wane dagaci ne zai kama haɓarsa. A doka ɗan Najeriya ne cikakke, a aikace kuma babu ƙaramar hukumar da zata ce nata ne, kuma irin su suna da yawa, ba labari aka bani ba.

Sai maganar shekaru. Tunda bani da takardar haihuwa dole sai nayi rantsuwa a kotu, babba daga dangi ya tsaya ya shaida. A bakin wajen akwai masu buga takarda a kwamfuta, na zauna gaban wani yana tambaya ina faɗa, da muka zo wajen haihuwa nace Makka, sai ya ɗaga hannu daga kan madannan yace malam in zaka ji shawara ka bari in rubuta Kano, duk 'yan uwanku haka suke yi, in ka sa Makka kowane ofis sai an tsare ka da tambaya, wani ma yace kai ba ɗan ƙasa bane. Ba da mugunta ya faɗa ba, sauƙi yake nema min, kuma Baffa ma ya ɗan karkata, yace ɗana ko dai mu bi maganarsa mu huta. Nace Baffa kayi haƙuri, rantsuwa fa zamu yi, kai zaka ɗaga hannu kace a gabanka aka haife ni a Kano alhali kasan ba haka bane, ni kuma in ɗauki wannan ƙaryar a fasfo har in mutu. Kuma bayan haka, gaskiya ni bana jin kunyar inda aka haife ni, a can kabarin ubana yake, in na goge Makka daga takardata me kenan nayi masa.

Abin da ya ƙara min ƙarfi wani maƙwabcin Baffa ne lauya, shi ya buɗe min tsarin mulkin 1999 a wayarsa ya nuna min sashe na 25, inda aka jera waɗanda suke 'yan ƙasa ta haihuwa, na ukun shine duk wanda aka haifa a wajen Najeriya matuƙar ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne. Yace ka lura, ɗaya daga ciki akace, uba ko uwa, kuma ba alfarma ake maka ba, matsayinka ɗaya da wanda aka haifa a cikin badala, ba irin wanda ya zauna shekara 15 ya nemi a bashi bane. Ya buga min shafin a takarda na ninke na sa a aljihu, duk ofishin da zani da ita nake zuwa. Shi ne kuma ya bani labarin Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno ɗan jam'iyyar GNPP, wanda a 1980 zamanin Shagari aka kwashe shi aka kai Chadi akace ba ɗan Najeriya bane, ya shiga kotu yayi nasara ya dawo. Yace kaga wannan zargin ba da kai aka fara ba, kuma in babban ɗan siyasa zai sha shi toh kai ka riƙe takardunka da kyau.

A wajen NIN ne wata matsala ta fito da ban san da ita ba. Ashe wani mai taya mutane cike fom a bakin titi a Jidda, da yaga shekarar hijira bai tsaya lissafi ba, ya rubuta min 1 ga Janairun 1992, sunan Baba kuma ya rubuta shi yadda Larabawa suke juya shi zuwa boko, daban da yadda yake a takardar ƙaramar hukuma. Sai ya zama ina da ranar haihuwa biyu da uba mai suna biyu. Sai da na sake komawa kotu aka yi wata rantsuwar ta gyara, aka haɗa da hoton bangon littafin nan na Baba, sannan aka ɗauki yatsuna da hotona aka bani 'yar takardar mai lamba goma sha ɗaya. Duk wanda yake shirin tahowa, dan Allah tun daga takardar farko ya zauna ya juya kwanan watansa zuwa na boko da kansa, ya zaɓi rubutun suna guda ɗaya ya tsaya akai, domin yanzu NIN da BVN da layin waya da fasfo duk a ɗaure suke da juna, harafi ɗaya ya saɓa komai ya tsaya.

Fasfo shi ne na ƙarshe. Na haɗa indijin da rantsuwar shekaru da NIN da fom ɗin garanto, na biya, aka sa min ranar ɗaukar hoto. Kamar yadda mai kwamfutar nan ya faɗa, da jami'in yaga Makka sai ya ajiye biro ya fara tambaya, kuma Hausata ma ta tona ni domin a lokacin ina yawan jefa Larabci ban sani ba. Yace ka tabbata kai ba ɗan Chadi ko Nijar bane, nace yallaɓai mahaifiyata 'yar Nijar ce ban ɓoye ba, mahaifina kuma ga fasfonsa, na miƙa masa tsohon koren nan da shafin sashe na 25. Ya duba lambar ya duba hoton ya dube ni, ya tambayi sunan hakiminmu da kasuwar da take ci kusa da ƙauyen da ranar da take ci, na faɗa masa, yace Allah ya jiƙan mahaifinka, je ka zauna a kira ka. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, aikinsa kenan, kuma tambayar bata kai yadda ake tsoratar da mutane da ita ba. Da fasfon ya fito na buɗe shafin hoto, a wajen haihuwa an rubuta Makka, a wajen ƙasa an rubuta Najeriya, duk a shafi ɗaya. A lokacin kuɗin da sauƙi, yanzu tun Satumban 2025 mai shafi 32 naira dubu 100 ne, mai shafi 64 na shekara goma kuma dubu 200, wanda ga mutumin da ya sauka da jaka ɗaya ba ƙaramin kuɗi bane.

Daga baya Umma ta matsa sai na karɓi takardar Nijar ita ma, tace jininta ba zai tafi a banza ba. Na koma wajen lauyan nan, yace babu komai, sashe na 28 bai hana wanda yake ɗan Najeriya ta haihuwa riƙe wata ƙasar ba, Nijar kuma tun 2014 ta yarda da ƙasa biyu, kuma uwa tana bawa ɗanta. Can a kotu ake karɓar takardar, nasiyonalite suke ce mata, sai ka kawo ta mahaifiyarka da shaidar haihuwarka. Ina cikin haɗa su aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka aka yanke wuta, ECOWAS ta fara maganar tura soja, Umma kuma lokacin tana Damagaram wajen 'yan uwanta ni ina Kano.

A wannan watan na sha tambayar da tafi kowacce ciwo. A majalisa wani yace toh kai yanzu in aka gwabza wa zaka bi, wani ya karɓe yace ai wannan zuciyarsa tana Saudiyya, baku ga tsallen da yayi ba ranar da suka ci Ajantina biyu da ɗaya a 2022. Tsallen kam nayi shi, da waɗannan 'yan wasan na tashi ina kallo, kuma ko gobe suka ci zan yi. Amma nace musu ni Najeriya ce ta karɓe ni lokacin da bani da ko takarda ɗaya, anan nake biyan haraji anan nayi zaɓe a 2023 anan 'yata take, in an taɓa ta an taɓa ni, kuma bazan ci amanarta ba har abada. Sai dai duk wanda yace sai na yarda a jefa bam a garin da uwata take kwana sannan zai gamsu ni ɗan ƙasa ne, toh ba biyayya yake nema ba. Kuma ba ni kaɗai bane, daga Illela da Jibiya har Maigatari gida nawa ne babu ɗan uwa a ɗaya ɓangaren, shi yasa sanatocin arewa suka ƙi yarda da yaƙin, malamai da Sarki Sanusi suka tafi Yamai. Iyakar ta buɗe a Maris ɗin 2024 Umma ta dawo, takardar Nijar ɗin kuma na karɓa daga baya, duk da yanzu Nijar ta fita daga ECOWAS tun Janairun 2025.

Wadda har yanzu maganarta bata warware ba ita ce Yayata. Ita a Makka ta auri ɗan Chadi, shi ma haihuwar can, suka dawo Kano tare da yara. Da namiji ce ta auro 'yar Chadi da tuni matar ta nemi rajista a sashe na 26, amma sashen mata kawai ya ambata, mijin 'yar Najeriya baya ciki, kuma da aka kawo ƙudurin gyara wannan a majalisar tarayya a Maris ɗin 2022 kayar da shi aka yi. Saboda haka mijin yana nan a matsayin baƙo sai in ya cika shekara 15 ya nema. Yaran a doka 'yan Najeriya ne ta wajen uwarsu, wannan babu gardama, amma indijin a al'ada gidan uba ake bi, babban ɗan kuma yana gab da gama sakandare, za a nemi takardar wajen shiga jami'a. Dagacin nan da ya san Baba ya rasu, wanda ya gaje shi bai san mu sosai ba. Na riga na buga wani shafin na sashe na 25, Baffa yace in an gama girbi zai shirya mu koma ƙauye tare da yaron da uwarsa.